Yadda na gyara sola ɗinmu ta ruwan zafi

Tun da sanyin Disamba ya kama, solar ruwan zafi da ke saman ɗakinmu a Garin Malam ta daina abin kirki, ruwa sai ɗumi-ɗumi kawai, ga Hajiya da ciwon gwiwa alwalar asuba da ruwan sanyi na ba ta wahala, wallahi abin ya tsaya min a rai.

Na hau da sassafe, ƙurar hunturu ta rufe tiyoyin gilashin da ke tara zafin rana duka, har rubutu za ka yi da yatsa. Na goge da jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗan ƙara zafi amma bai kai ba.

Kashegari na duƙa na leƙa gindin kowane gilashi. Mai lafiya gindinsa na sheƙi kamar madubi, guda 2 kuwa sun yi fari fat kamar an shafa alli, wato sun tsage iska ta shiga, zafin da suka tara zurarewa yake, shi ya sa da rana in ka taɓa su da zafi sauran kuma da sanyinsu. Da dare na zubar da ruwan tanki na canza su, na shafa ruwan sabulu a baki kafin in tura cikin tanki don kar robar bakin ramin ta yage.

In pampo ya ɗauke har tanki ya bushe, dan Allah kar a cika da tsakar rana, ruwan sanyi na fasa gilashi mai zafi, ina jin haka namu suka mutu.

Bayan kwana biyu da asuba Hajiya ta ce, "Kai ɗan nan, yau sai da na sirka, Allah shi maka albarka."