Kafin ki amince da sulhun rabuwar aure, ki yi lissafi

Abu na farko, ki san irin rabuwar. A sakin kome, ciyarwa da wurin zama suna kan miji har idda ta cika. A khul'i kuwa, wato inda mace ke ba miji fansa don ya sake ta, bisa mazhabar Malikiyya, babu ciyarwar idda sai in akwai ciki, wurin zama kaɗai ya rage miki.

Inda mata suka fi cutuwa shi ne fansar khul'in. Mayar da sadaki sau ɗaya ake yi a wuce wurin. Amma in kika ɗauki ciyar da 'ya'ya a matsayin fansa, nauyin shekaru kika ɗauka. Ki haɗa abinci, makaranta da magani na wata guda, ki ninka sau 12, sannan ki ninka da shekarun da suka rage, ki gwada da sadakin.

Kuɗin ciyar da 'ya'ya da uban zai riƙa bayarwa duk wata ma yana zaizayewa. In farashi na tashi kashi 20 cikin ɗari duk shekara, Naira 40,000 ta yau bayan shekara 4 rabin cefanen kawai za ta yi. Don haka ki nemi a rubuta sake duba adadin kowace shekara, ko a yanka wani kaso da hatsi, kuɗin makaranta kuma uban ya biya kai tsaye.

In fili ko gida aka ba ki, a sauya sunan takardu tukuna. Kayan ɗakinki naki ne, kada a lissafa su cikin abin da ya bayar. A rubuta komai a kotun shari'a gaban shaidu, don alƙawarin baki yana wahalar karɓa in ya ƙara aure.