Tafiya Gida da Ƙaramin Yaro: Kurakuran da Iyaye Mazauna Legas Suka Fi Yi

Da zarar Sallah ta matso, ko hutun ƙarshen shekara, hankalin mutanenmu na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende sai ya koma gida. Ana lissafin kuɗin mota, ana sintiri wajen tela, ana haɗa tsaraba. Wanda aka fi mantawa da shi a wannan lissafi shi ne autan gidan, ɗan shekara ɗaya zuwa uku, wanda ya fara tafiya da ƙafarsa amma bakinsa bai iya faɗin abin da ke damunsa ba. Manya sukan tsara tafiya daidai da aljihunsu da ranar da za su rufe shago, in aka zo kansa sai a ce, "Ai wannan a cinya za a riƙe shi." Daga nan yawancin wahalar take farawa.

Daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, in an bi ta Ilorin da Jebba da Mokwa, in kuwa an zaga ta Lokoja da Abuja ya fi haka. A motar haya, tafiyar wuni da kwana ce. Yaron da a gida ba ya iya zaman minti goma wuri ɗaya, shi za a matse a cinya tsawon wannan lokaci, ga zafi, ga kaya a ƙarƙashin ƙafa. In da hali, a biya masa kujerarsa, ko da za a rage tsaraba. 'Yan uwa za su manta da atamfar da ba a kawo musu ba, uwa kuwa za ta sauka da sauran ƙarfin kula da ɗanta. A jirgin sama tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, kuma yaron da bai cika shekara biyu ba a cinya ake riƙe shi, amma daga ranar da ya cika biyu sai an saya masa kujera. Kada a rage masa shekaru don tsimi; ana iya neman takardar haihuwarsa a wurin tantance fasinjoji, don haka ta kasance a jakar hannu. Lokacin hunturu kuma hazo yakan sa a jinkirta jiragen Arewa ko a soke tashinsu, saboda haka jakar yaro a haɗa ta kamar za a wuni a filin jirgi na Ikeja.

Tashi ranar jajibiri shi ma kuskure ne da ake maimaitawa kowace shekara. Duk wanda ya san hanyar Legas zuwa Ibadan ya san yadda doguwar gadar nan ta bayan Berger take toshewa gab da Babbar Sallah, saboda masu sayen rago a kasuwar Kara. Babba zai daure, yaro kuwa zai ƙare haƙurinsa da ruwansa tun ba a je ko'ina ba. A tashi saura kwana huɗu ko biyar, kuma da sassafe bayan Asuba. Wasu sun fi son motar dare wai don yaro ya yi barci. Ni ba na ba da wannan shawara: direba na fama da gyangyaɗi, hanya ba tabbas, kuma in jikin yaro ya rikice cikin dare a tsakiyar daji babu inda za a nufa.

Masu motar kansu suna da nasu laifin: uwa a kujerar gaba, yaro a cinyarta yana wasa da gilashi. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fizge shi daga hannunta, komai riƙonta. Jami'an kiyaye haɗurra sun daɗe suna cewa yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa baya ne. A ɗaure shi a kujerar yara, a kulle ƙofofin baya, a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ko uku ya taka ƙasa. Kuma ko tsayawar sallah aka yi, kada a bar shi cikin rufaffiyar mota wai yana barci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba yaro magani don ya yi barci a hanya. Uwa ta faɗa wa uwa, a shiga kemis a sayo maganin mura ko na tari mai sa barci, a ɗura masa kafin a hau mota. Na san gajiya ce take kawo haka, da kunyar fasinjoji in yaro ya ɓare baki. Amma irin waɗannan magunguna ba don barci aka yi su ba. Akwai waɗanda aka hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba saboda suna iya danne numfashi, wani yaron kuma maimakon barci sai ya ƙara birkicewa. Maganin tari mai kodin ma tun 2018 gwamnati ta haramta shi. Ga wani haɗarin: yaron da aka sa barcin dole ba ya neman ruwa, kuma in zazzaɓi ya kama shi ba za a gane da wuri ba. Abin da yake aiki shi ne a bar shi ya yi guje-gujensa a tasha kafin a shiga mota, a zo masa da zanin goyon da ya saba da ƙamshinsa da abin wasa ɗaya ko biyu, a kuma yi ƙoƙari ya yi barcin ranarsa a lokacin da ya saba. In ya yi kuka, ya yi. Yawancin mutanen cikin motar su ma iyaye ne.

Sai cikinsa. Wasu sukan rage masa ruwa don kada ya dame su da fitsari, alhali jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin bushewa. A ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, a ƙara yawan famfas da leda da kayan canji, har da riga da hijabi na uwa, don amai ba ya sallama. Abincin bakin hanya da cikin babba zai ɗauka, na yaro ba lalle ya ɗauka ba. Gara a riƙo ruwan zafi a filas da garin kunu a dama masa sabo, da ayaba da burodi. Kunun da aka dama tun Legas zai yi tsami kafin Azahar. Gyaɗa, gugguru da alewa mai tauri kuwa ba na mota mai tafiya ba ne, suna iya sarƙe shi. A jaka a ajiye ƙunshin gishirin gudawa, wato ORS, da ƙwayar zinc. Ana kaɗa gishirin a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardarsa, abin da ya rage bayan awa 24 a zubar. Zinc kuma ana ba da shi kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. In idonsa ya faɗa, ya ƙi sha, ya yi laushi ko aka ga jini a kashinsa, asibiti mafi kusa za a nufa.

Akwai kuskuren da namu ne na gida, wato haɗa tafiya da yaye. "Tunda za mu gida, sai a bar shi wajen kakarsa ta yaye shi." A da wannan yana tafiya daidai, domin kaka tana cikin gida ko a unguwa, yaro ya saba da bayanta da muryarta. Ɗan Legas kuwa sau ɗaya a shekara yake ganinta, wani ma bai taɓa ba. A rana ɗaya sai ya rasa nono, ya rasa uwarsa, ya rasa ɗakin da ya sani, ga sabon ruwa, ga sabon abinci. In ya rame ko ya kama gudawa sai a ce haƙori ne ko baki. Nono shi ne abin da yaro yake karɓa lokacin da ya ƙi komai, kuma tsotso yana rage masa ciwon kunne idan jirgi zai sauka. A yi yaye makonni kafin tafiya, a hankali, ko a bari sai an dawo an natsu. Haka ma koya masa zama a fo, ba aikin hanya ba ne.

Idan an isa, kowa yana ɗokin ɗaukarsa: gwaggo ta karɓa, kawu ya ɗaga shi sama, kaka tana "Ina maigidan nawa, ko ka yi sabuwar mata a Ikko?" Yaro ya ƙanƙame uwarsa yana ihu, nan take a yanke masa hukunci, "Ɗan Legas ƙiwa gare shi, an sangarta shi." Uwa ta ji kunya ta ɓanɓare shi da ƙarfi, wata har da duka. Ƙiwa a wannan shekarun ba rashin tarbiyya ba ce, yaro ne ya fara bambance nasa da baƙo. Tun saura makonni a riƙa kiran gida ta bidiyo, a nuna masa hotuna ana faɗin sunaye, a kuma yawaita yi masa Hausa in Turanci ko Yarbanci ya fi ji a unguwa. Ranar farko a bar shi a jikin uwarsa, shi da kansa zai sauka ya bi yara. Nan aikin uban yaron ne. Suruka ba za ta iya buɗe baki ta hana uwar mijinta ba, amma ɗa zai iya cewa cikin ladabi, "Inna, a bar shi ya huce gajiya, gobe da kansa zai zo wurinki." Maza da yawa suna sauke iyali su fice zumunci sai dare, su bar mace da yaro mai rigima a gidan da ita ma baƙuwa ce. Wannan ba daidai ba ne.

Yanayi ma ana raina shi. Yaron da ya tashi cikin gumin Legas bai san sanyin Disamba na Zariya ko Jos ba. A tanadi rigar sanyi, hula da safa, da man kaɗanya saboda leɓe da fata. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, ko janareta a kusa da taga. A cikin hayaƙin da suke fitarwa akwai wata iska da ba ta da wari kuma tana kisa. Daga Maris zuwa Mayu zafi ne abin tsoro, a Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40. Da damina kuwa a taho da gidan sauro daga Legas, kada a dogara da na gida. A duba katin rigakafi kafin tafiya: allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma ta biyun ce aka fi mantawa. Taron Sallah wuri ne da yara daga garuruwa daban-daban suke cuɗanya.

Babban gida cike da mutane yakan sa uwa ta saki jiki, kowa yana zaton wani yana kallon yaron, alhali babu mai kallonsa. Ga rijiya a buɗe, ga bokiti cike da ruwa, ga kaskon suya a ƙasa, ga wuƙaƙen fiɗa ranar layya. A damƙa shi ga mutum ɗaya babba, a kira sunansa, in zai tashi ya miƙa wa wani. 'Yar shekara bakwai ba mai reno ba ce a irin wannan rana. Kananzir da fiya-fiya da ake zubawa a robar lemo a ɗage su sama tun ranar isowa. In tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a tafi asibiti da robar a hannu. Kallon hawan Sallah kuma, da dawakai da ƙarar bindiga da turereniya, a bari sai ya ƙara girma.

Wajen dawowa, kada a iso Legas daren Lahadi ana da kasuwa ko aiki da safe. A bar kwana ɗaya ko biyu barcinsa da cinsa su koma daidai, kuma a yi haƙuri da shi in ya ƙara maƙale wa uwa na 'yan kwanaki. In zazzaɓi ya taso cikin makonnin da suka biyo baya, a kai shi gwajin jini kafin a ba shi maganin maleriya, a kuma faɗa wa likita garin da aka je da ranar da aka dawo.