Yadda Ake Tantance Malami Kafin A Damƙa Masa Yara

Na daɗe a kwamitin wata Islamiyya ta unguwa, kuma kuskuren da na fi gani wurin sababbin masu makaranta bai wuce ɗaya ba: mutum ya zo da karatu mai daɗi, wani ya ce "ai ɗan gidan Malam wane ne", washegari an ba shi aji. Bayan abin da ya faru a Kano a ƙarshen 2021, inda mai makaranta da kansa ya sace ɗalibarsa 'yar shekara 5 ya kashe ta, wannan sakaci ba shi da uzuri.

Fara da lambar NIN. Sunan da ke kanta ya zo daidai da na takardun karatunsa, ka ajiye kwafi. In malamin boko ne, nemi shaidar rajistarsa ta TRCN, wato hukumar yi wa malaman makaranta rajista.

Sai takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ake nema ta shafinsu na intanet mai suna POSSAP. Akwai kuɗi, kuma a ganina makaranta ce ya kamata ta biya, don albashin malamin Islamiyya bai taka kara ya karya ba. Duba kuma rajistar masu laifin fyaɗe da hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ta buɗe a 2019. Amma kada ka saki jiki: waɗannan suna kama wanda maganarsa ta kai gaban hukuma ne kawai, mu kuwa a zaure ake kashe yawancin irin wannan magana da sunan rufin asiri.

Shi ya sa babban aikin yana tsohon wurin aikinsa, kuma nan na taɓa faɗuwa. Na kira lambar da mai neman aikin ya rubuta min, aka yabe shi har na ji daɗi. Ashe abokinsa ne ya ɗauki wayar. Sai daga baya muka ji an sallame shi ne saboda tsare 'yan mata bayan an tashi. Don haka kada ka kira lambar da ya ba ka. Taka da ƙafarka ka je, ka zauna da shugaban makarantar ku biyu. Kada ka tambaya ko mutumin kirki ne, kowa zai ce eh. Ka ce, "Ranka ya daɗe, da zai dawo, za ku sake ba shi ajin 'yan mata?" In ya sunkuyar da kai yana gyara hula, ya ce "to, Allah dai ya kyauta", ka samu amsarka. Biya ta wurin mai unguwarsu ma. Duk shekarar da mai neman aikin bai faɗi inda ya yi ta ba, tambaye shi.

In ya tsallake, ba shi wata uku na gwaji. Ƙofar aji a buɗe, ba keɓewa da yaro, ba karɓar lambar wayar ɗaliba. Direba, mai gadi da 'yan sa-kai duk su bi wannan layin, ko da ƙanen mai makarantar ne.