Yadda Za Ka Fara Tattaki Don Motsa Jiki

Masu yawan tambayata ta ina za su fara, ga matakan:

1. Sa takalmin da ba ya matse ƙafa.
2. Sha ruwa kofi ɗaya.
3. Taka a hankali na minti 5, jiki ya ɗumama.
4. Ƙara sauri na minti 10. Hattara, a nan ake kuskure! In haki ya hana ka magana, ka wuce gona da iri, sassauta. In kuwa ka ji jiri ko ciwon ƙirji, tsaya nan take, ka ga likita.
5. Rage sauri kafin ka tsaya.
6. Riƙa ƙara mintuna kaɗan duk mako har ka kai minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya.