Yadda ake cewa "da ƙyar na sha" da Ingilishi

Wani ɗalibina na ajin dare, direba ne mai jigila tsakanin Maraɗi da Katsina. Tayar gaba ta fashe masa kusa da Ɗan Isa, mota ta yi tangal-tangal ta tsaya a bakin kwalbati. Da ƙura ta lafa sai ya ji wani fasinja yana cewa a waya, "We escaped by the skin of our teeth." Ranar Litinin ya tare ni tun a ƙofa: "Mushe, wai haƙori na da fata?"

Ba shi da ita, kuma nan gishirin maganar yake. Abin da ya raba ka da halaka bai kai kaurin komai ba. Mu sai mu ce mun tsallake rijiya da baya, a lakwal kuma aka koya mana "de justesse" da Faransanci. Asalin maganar fatar haƙorin daga Littafin Ayuba ne na cikin Baibul, sura 19 aya 20, ta shiga Ingilishi ta fassarar Baibul ta Janeba ta 1560. Can "with" aka rubuta, yau "by" ake cewa.

Ka fara faɗin abin da ya faru, sannan ka liƙa ta a ƙarshe: "I caught the bus by the skin of my teeth." Kalma ɗaya ce ke canzawa, ta mai haƙoran: my, your, his, her, our, their. A nan ɗalibaina ke tuntuɓe. Sai mutum ya haddace da "my", yana ba da labarin ƙanensa, ya ara masa nasa haƙoran! Kuma kullum "teeth" ne, ko da ɗaya ya rage maka a baki.

Ba sai hatsarin mota ba. Yaron da ya ci jarrabawa da 10 bisa 20 cif, ta dace da shi. Wanda ya samu 9 da rabi ya faɗi, ba tasa ba ce, don sai an sha ake faɗinta. Mai 16 ma kada ya faɗa, ƙarya ce.

Ni dai ba na sa ta a takardar neman aiki, maganar hira ce. Direban nawa kuwa ya rubuta ta a bayan rasit ɗin sabuwar taya, ya ce zai gwada ta a Jibiya.