Kafin ku yi oda a gidan abincin otal

Salam ƴan uwa masu son ɗanɗano irina. Don Allah in kun shiga gidan abincin otal, musamman a Abuja ko Kano, kafin ku yi oda ku tambayi weta ko kuɗin da ke jikin menu ya haɗa da haraji, saboda akwai VAT kashi 7.5 cikin ɗari, wasu kuma su ɗora kuɗin hidima a kai, sai an kawo bil ka ga ya haura lissafinka. Ni dai ta taɓa faruwa da ni, na kai ƙannena biyu, wallahi sai da na yi transfa na cika.

Kifi kuwa a nuna maka shi tukuna a faɗi farashi, don da girma ake sayarwa.

In bufe ne, wato inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, ku je da wuri, da an buɗe na rana, lokacin shinkafa na tururi, naman miya bai ƙare ba. Kuma a sabon wuri ni tuwo da miyar kuka nake fara gwadawa, in daddawa ta ji kuma miyar ba gudaji to kicin ɗin akwai hannu, sai in dawo in gwada sauran.