Fanshon Baba daga ƙasar waje: inda ake tuntuɓe wajen cike takardar haraji

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa akwai dattawan da suka yi wa gwamnatin Nijar ko ta Birtaniya aiki, suka dawo gida suna karɓar fansho. Yawanci ɗa ko jika ne ke riƙe da takardun, kuma a hannunsa ake samun matsala.

Babban kuskure shi ne yin shiru. Sai ka ji an ce, "Ai kuɗin waje ne, ina ruwan hukuma?" Alhali dokar Najeriya mazaunin mutum take dubawa, ko daga ina kuɗin ya fito. Dattijon Maigatari hukumar tara haraji ta Jigawa zai kai wa bayaninsa, na Bichi kuma ta Kano, kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Tsoron da ke sa mutane ɓoyewa yana damuna, domin bayyanawa daban, biya daban. A sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, Naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu ko kwabo.

Wasu kuma suna jin an yafe wa fansho haraji, sai su ɗauka har da na waje. Yafewar da aka sani ta fanshon da ke ƙarƙashin dokar fansho ta Najeriya ce. Na Baba, a je ofis a tambaya, a karɓi amsa a rubuce.

Sai biya sau biyu. Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar hana ninka haraji da Birtaniya tun 1987, tana da irinta da Faransa da Kanada, amma babu tsakaninta da Amurka. Yarjejeniyar ce ke faɗin ƙasar da ke da haƙƙin karɓa, kuma sau da yawa irin wannan yarjejeniya tana bambanta fanshon tsohon ma'aikacin gwamnati da sauran fansho. Don haka kada a rubuta "fansho" kawai, a faɗi irinsa da hukumar da ke biya.

Kada kuma a rubuta abin da ya shigo asusu kaɗai. A sa jimlar kuɗin tun kafin a cire haraji can, a haɗa da shaidar cirewar, kamar takardar P60 ta Birtaniya. In babu ita, da me za ka nemi ragi?

Wajen mayar da fam ko sefa zuwa Naira, farashin Babban Bankin Najeriya ake bi, ba na 'yan canjin Wapa ba. A adana takardar banki ta kowane wata tare da farashin ranar da kuɗin ya shigo.